Takin Yaya a Gonar Auta

Gonar Babanmu ɗaya ce, doguwa, ta taso tun daga kan jigawa ta gangaro har cikin kwari, gabas da garinmu, kusa da hanyar da ke bi daga Gazawa zuwa Gangara. A tsakiyarta akwai wani tsohon gawo. Da Baba ya rasu, mu biyu ya bari maza: Yayana da ni, wanda kowa ke kira Auta har na fid da gemu. Mun yi damina ɗaya muna noma tare a gandu, muka ga abin ba zai yiwu ba. Ko in ce ni na ga ba zai yiwu ba, don Yaya mutum ne mai fita gona tun duhu bai gama washewa ba, ni kuwa Allah bai yi ni haka ba. Sai dattawa suka zo suka raba mana a daidai gawon nan. Sama ta Yaya, ƙasa tawa.

Wannan rabo a shekarar da aka sauke tutar Faransa aka yi shi. Ban manta ba, domin a lokacin ne mai gari ya samu rediyo, kullum da yamma ana ajiye ta a kan turmi a ƙofar gidansa, ba abin da ke fita daga cikinta sai maganar mulkin kai. Ni ma na ɗauki kalmar na sa a baki. Duk inda na zauna sai in ce ƙasa ta samu mulkin kai, Auta ma ya samu nasa, sai dai an ba shi kwari ya je ya yi mulkin kwaɗi.

Raina ya ɓaci ƙwarai da rabon nan, ban kuma ɓoye ba. Gonar sama rairayi ce mai laushi, hauya na shiga ba gardama, ga ta bakin hanya. Tawa kuwa ƙasa ce mai tauri, in ta bushe sai ta daddare, in ruwa ya yi yawa ya kwanta a cikinta gero ya yi ja. Sannan ga maganar iri. Baba yana da wani gero da muke kira zango, mai dogayen zangarniya, wanda ya gada wurin kakanmu. Kowace kaka da hannunsa yake zaɓen na iri, ya ɗaure su daban, ya rataye a cikin rumbu. A al'adarmu irin gida yana zama hannun babba, don haka zango ya tafi wurin Yaya, ni aka auno mini gama-garin gero. Babu wanda ya zalunce ni, haka ake yi wa kowane ƙane. Amma na bi gari da baki. Na faɗa a bakin rijiya, na faɗa a inuwar masallaci, na faɗa a kasuwar Gangara ga mutanen da ba su ma san mu ba: Yayana ya kwashe gona mai kyau, ya kwashe iri mai kyau, ya tura maraya rami. Maraya fa, ni da matata da gemuna.

Yaya ya ji duk abin da na ce, don gari ƙarami ne. Bai tanka ba. Da ma shi ba mai yawan magana ba ne, kuma wannan shirun nasa ya fi komai ba ni haushi.

Abin da ban faɗa wa mutane ba, ko da yake na sani sarai, shi ne gonar sama ta gaji. Shekara da shekaru ana nome ta ba hutu, ƙasar ta yi fari fat, geronta ba ya wuce ƙugu. Yaya yana da mata da 'ya'ya ƙanana, ga Inna, mahaifiyarmu, a ɗakinsa take ci. Ya san in bai tayar da gonar nan ba, ba za ta ciyar da su ba. Surukansa suna can ƙetaren iyaka, wajen Katsina, sun daɗe suna kiransa ya koma can su ba shi fili. Ya ce wa Inna zai gwada damina ɗaya da duk ƙarfinsa. In ta yi, ya zauna a gidan ubansa. In ba ta yi ba, sai ya bi su.

To, da rani ya shigo sai ya je ya samu Fulanin da ke sauka bayan gari, ya roƙe su su kafa shanunsu a gonarsa su kwana a can, shi kuma yana auna musu hatsi daga rumbunsa, kamar yadda ake yi. Hatsin da yaransa za su ci ne yake mayarwa kashin shanu. Da Fulani suka tashi, bai ce ya isa ba. Ya ɗora wa jakinsa mangala, ya shiga kwasar taki: na turken awaki, na bayan gida, na juji, har toka da sharar tsakar gida. Duk gidan da ba su damu da jujinsu ba ya je ya roƙa. Har nawa ya kwashe, na kuma bar masa da dariya.

Bazarar shekarar nan kuwa ba a magana. Na ga zafi a rayuwata, amma wannan daban ne. Hantsi na yi rairayi ya zama wuta, yaro ba ya iya tsallake tsakar gida ba takalmi. Kaji su buɗe baki su saki fukafukai a gindin randa. Ruwan rijiya ya ja ƙasa har sai da aka ƙara wa guga igiya, abin da ake jawowa kuma rabinsa laka ne. In ka taɓa kan hauyar da aka manta a rana, sai ka yar. Tsofaffi biyu a unguwarmu suka kwanta da rana ba su tashi ba. Rediyon mai gari ta ce haka abin yake ko'ina, daga Yamai har Damagaram, wai can arewa ma ya fi namu. Muka ce to, Allah ya kai musu sauƙi, mu dai namu ya ishe mu.

A cikin wannan wutar Yaya ke kai da kawowa da jakinsa. Ni ina zaune a inuwar durumin ƙofar mai gari, don a lokacin na samu keke ina ɗan tsallaka iyaka in sayo goro da kananzir, in na yi tafiya ɗaya sai in huta kwanaki. Ta gabanmu hanyar gona ta bi. Sai mu gan shi ya wuce, rigarsa ta manne da baya, ƙura ta yi masa furfura, dugadugansa sun tsattsage har yana ɗaure su da tsumma. Jakin ma ya yi gyambo a gadon baya. Abokan zamana su ce, Auta, ga Yayanka can. Ni kuwa in ce ku bar shi, wanda aka ba gonar sarauta ai shi ya kamata ya yi mata gumi.

Inna ta kira ni ɗakinta rana ɗaya ta ce in ji tsoron Allah in kama wa ɗan'uwana ko da kora jaki ne. Na ce mata ni ma ina da gona, wa ya kama mini? Ta ce ai ba ta ga na kai ko kwandon toka ɗaya ba. Na tashi na fita ina gunaguni.

Lokacin ruwa ya zo, ruwa bai zo ba. Hadari ya taso daga gabas, a kwashe shanya, a kama awaki, sai iska ta watsa shi ta bar mu da ƙura a haƙori. Masu ƙwazo suka fara binne, wato a shuka iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwan farko a can. Yaya na gaba. Ya ɗauki sungumi yana sara, matarsa da yara na bi suna zuba zango suna take rami. Bayan 'yan kwanaki aka yi wani yayyafi na wulaƙanci, wanda ya isa ya tsirar da iri amma bai isa ya raya shi ba. Zango ya leƙo kore shar, rana ta fito ta ƙone shi cikin kwana biyu. Saura dami ɗaya na iri a rumbu, wanda Baba ba ya taɓa bari a taɓa sai ruwa ya zauna sosai. Inna ta ce a dakata. Yaya ya ce lokaci na tafiya, ga taki ya riga ya zuba, in ruwan gaske ya faɗi ba iri a ƙasa ya yi asarar kwanakin da ba za su dawo ba. Ya sussuke damin nan, ya sake binne shi duka.

Ni ko rami ɗaya ban sara ba. Na ce sai na ga ruwa da idona.

Ranar da ya zo, tun safe ba iska ko kaɗan, ganye ba ya motsi, zufa na zuba ko kana zaune. Bayan azahar gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi ƙirin tun daga ƙasa har tsakiyar sama. Iska ta fara zuwa, ta kwashe danni da rufin rumbuna biyu a unguwarmu. Tsawa ta fashe a kan gari har yara suka shige ƙarƙashin gado. Sai ruwa ya kece. Ba ɗigo ba ne, kamar ana juye randa ne a kanka. Na fita tsakar gida na tsaya a ciki da rigata, na buɗe baki ina sha, ina dariya, matata na kirana mahaukaci daga bakin ƙofa. Wallahi na ji daɗin ruwan nan har cikin ƙashina. Duk lokacin da na tuna wannan dariya sai in ji kunya.

Bai daɗe ƙwarai ba. Kafin la'asar ta yi sanyi ya ɗauke, rana ma ta leƙo. Amma sai muka ji wani ruri daga wajen gonaki, wanda ba tsawa ba ne, kuma ba ya tsayawa. Maza suka fita da gudu, na bi su.

A bayan gonar Yaya, can saman jigawa, akwai burtali, hanyar da shanu ke bi, wadda kofato ya daddaɓe ta zama kamar daɓe. Ƙasa ta bushe da yawa, ruwa kuma ya zo da yawa a lokaci ɗaya, bai samu wurin shiga ba. Duk ruwan jigawar sai ya taru a burtali, ya gangaro, ya fasa shinge a daidai kan gonar Yaya. Da muka isa ƙarfinsa ya ragu, amma yana nan yana malala, ja wur. Gonar sama kuwa an share ta. Rairayin da taki da iri duk sun tafi, sai jar ƙasa mai tauri a fili, da wani kwazazzabo da ya tsaga ta biyu, wanda mutum zai shiga har gwiwa.

Na juya na dubi ƙasa da gawo. Gonata ta zama baƙa. Ruwa ya zo kwari ya rasa hanya ya kwanta, ya sauke duk abin da ya ɗauko. Kashin shanu, kashin awaki, toka, ruɓaɓɓen kara, rairayi mai laushi, an shimfiɗa mini su daga wannan iyaka zuwa waccan kamar da hannu aka baza. Har wani fasasshen ludayi na gani, na gane shi, daga jujin gidana ya fito.

Yaya na tsaye gindin gawo, ruwa na bin ƙafafunsa. Na je na tsaya kusa da shi. Ya sunkuya ya ɗebi baƙar ƙasar da ke gefena na iyaka, ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya zubar.

Ya ce, "Auta, da ruwa ya tsane ka yi shuka. Kada ka bari danshin nan ya wuce ka."

Ban ma samu yin shukar ba. Ruwa na janyewa, kafin in gama neman sungumi aro, gonata ta tsira da kanta. Ba layi, ba rami, ko'ina kore, wani wuri cunkus wani wuri jefi-jefi. Irin da Yaya ya binne ne ruwa ya kawo ya shuka mini. Aikina kawai in rage inda ya yi yawa in dasa inda babu. Na yi aikin, don ba a barin tsiro ya lalace, amma ban taɓa noma da nauyin zuciya irin na wannan shekara ba. Ina duƙe ina dashe, in na ɗaga kai sai in hango Yaya a sama yana sarar jar ƙasa, sungumi na tsalle, yana zuba irin da ya roƙo gida-gida.

A kwanakin nan labari ya yi ta shigowa. Wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da laka ta riƙe a kusa da garinmu ya ce gulbi ya cika ya hana wucewa wajen Tibiri, gidaje sun zube a garuruwa da dama. Wani jandarma, ɗan sandan karkara, da ya ratsa bisa doki ya ce can yamma kuwa har yanzu ko ɗigo ba su gani ba, suna ta roƙon ruwa. Mutane na jinjina girman ƙasar nan, a ce wani na nutsewa wani na ƙonewa duk a ƙarƙashin tuta ɗaya. Ni ban yi mamaki ba. Na ga an yi haka a gona ɗaya, tsakanin sama da gawo da ƙasa da shi.

Na je wurin dattawan da suka raba mu, na tambaye su geron nan na wane ne. Suka dube ni kamar na zautu. Suka ce iyaka na gawo, abin da ya tsira a gonar mutum nasa ne, tun kakanni haka ake yi, in ba haka ba kowace damina sai an yi shari'a a kan ƙasar da ruwa ya ja. Liman ya ce rabo ne Allah ya kawo mini, in gode, in kuma ina son in kyautata wa ɗan'uwana ƙofa a buɗe take.

Sai na tafi wurin Yaya. Na same shi yana gyaran ƙotar hauya a zaure. Na ce mu mai da gandu kamar da, mu haɗa gonakin, abin da aka samu na gida ne. Ya ce an riga an raba a gaban mutane. Na ce to mu raba amfanin kwari biyu, tun da takinsa ne, irinsa ne, guminsa ne. Ya ci gaba da fiƙe ƙota. Na ɗaga murya, kamar yadda na saba, na ce wannan wane irin taurin kai ne, yaransa za su ci girman kai ne?

Ya ajiye wuƙar, ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Gari duka ya ji cewa na kwashe gona mai kyau na tura ka rami. In na sa hannu a ramin kuma yanzu, me za a ce? Ya ci sama, ya gangaro ya ci ƙasa."

Na ce zan bi gari in warware, in faɗa a masallaci cewa ƙarya na yi. Ya ce in na yi haka za a ce shi ya matsa mini. Ya ce in bar maganar, shi ne babba, babba kuwa ba ya zama a ciyar da shi daga rumbun ƙanensa yana da ƙafa da hannu. Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da aiki.

Damina ta zauna daga nan, ruwa na zuwa a kan kari. Geron kwari ya tashi kamar ana jan sa, kara ya yi kauri, ganye ya yi baƙi-baƙi, har ya shanye mutum a tsaye. Da ya fid da kai kuwa sai asiri ya ƙare, in da ma akwai asiri. Zangarniya doguwa, wata ta kai tsawon hannu tun daga kafaɗa. Duk garin nan gida ɗaya ke da wannan iri, kowa ya san zangon Babanmu. Masu wucewa su tsaya a hanya su riƙe baki. Waɗanda ba su san labari ba, baƙi masu zuwa kasuwa, su ce kai, mai gonar nan manomi ne. Abokan inuwar durumi kuwa suka sa mini suna sarkin noma, in na doso su tashi tsaye suna jinjina. Da can ni ne mai ba kowa amsa. A wannan daminar sai in sunkuyar da kai in wuce, wani lokaci in zagi mutum a kan abin da bai kai ba.

Sama da gawo, geron Yaya ya tsaya iya gwiwa, ja, siriri, wani ma bai fid da kai ba.

Na gwada ta bayan gida. Da gero ya fara nuna, na karyo na gasa tumu na aika wa yaransa, wannan bai hana ba, don tumu abin yara ne. Matata ta riƙa dama fura da yawa tana kai wa Inna, ta san Inna ba za ta sha ita kaɗai ba. Yaya ya gane, sai dai duk ƙwaryar da ta je ba ta dawowa wofi: yau ɗan wake, gobe kuka, jibi ƙwai biyu na kazar matarsa. Gidan da ba su da shi su ne ke mayar mana da tukwici. Matata ta ce ita ta daina, muna ƙara musu nauyi ne.

Da kaka ta yi na kira gayya aka yanke. Dammuna suka taru har na rasa inda zan sa ido. Ban taɓa samun ko rabin haka ba, kafin nan ko bayan nan. Sai dabara ta zo mini. Na ce wa samarin gayya su kwashi kashi mai yawa su tara sama da gawo, a cikin gonar Yaya. Na ce a raina, tun da abin da ke gonar mutum nasa ne, to ga shi a gonarsa, dattawa su zo su faɗi wata magana kuma. Na koma gida ina jin na yi wayo.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙofar gida sai na hango jaki tafe da kaya. Jakin nan ne mai gyambo. Yaya na bayansa da 'yar sanda. Ya sauke dammuna a gindin rumbuna, ya jera su sosai yadda Baba ke jerawa, kai na kallon ciki. Ya ce samarina sun yi kuskuren iyaka. Ya juya ya koma ya ɗauko saura. Yini ya yi yana wannan jigila, ta gaban durumin mai gari, ta hanyar da ya bi da taki duk bazara, mutane na zaune suna kallo. Na tare shi a hanya na riƙe igiyar jakin, na yi masa rantsuwa, na yi kuka da hawaye a gaban jama'a. Ya cire hannuna a hankali ya ce in bari, ana kallonmu.

Abin da ya samu a gonarsa ba zai kai su ko tsakiyar rani ba, kowa ya ga haka. Bayan an gama kai amfanin gona gida ya gaya wa Inna zai tafi. Inna ta ce ita ba ta barin ɗakin da mijinta ya mutu, don haka ta dawo ci a wurina. Ba ta taɓa ce mini ga abin da na yi ba. Sai dai in an kawo mata tuwon zangon nan ta kan daɗe tana kallon ƙwaryar kafin ta sa hannu.

Ranar tafiyarsu da safe an ɗaure kaya a kan jaki da wani raƙumin haya, matarsa na sallama da maƙwabta. Ina cikin gida na kasa fita. Sai na ji sallama a zaurena, irin ta baƙo, har sau biyu. Yaya ne, wanda da can shigowa kawai yake yi. Na fita na same shi tsaye da 'yar jakar fata a hannu.

A wurinmu akwai abu ɗaya da roƙonsa ba kunya ba ne, kuma ba a hana shi ko ga wanda ba ku shiri: iri. Mai roƙon iri yakan zo da safe, ya rage tsawo a gaban mai rumbu, ya faɗi abin da ya kawo shi. Ina kallo Yayana, wanda ya goya ni a bayansa zuwa gonar nan, ya durƙusa a gabana.

Ya ce, "Na zo roƙon iri. Ka san nawa ya ƙare."

Na kama kafaɗunsa na ɗaga shi. Na ja shi zuwa rumbu, na ture murfin, na ce ya kwashe duka, ya kawo raƙuma goma, nasa ne, wallahi nasa ne. Ya hau, ya jawo dami ɗaya, ya kwance. Ya riƙa ɗaukar zangarniya yana dubawa daga gindi zuwa kai, yana murza ƙwaya da babban yatsa, wadda ba ta cika ba ya mayar. Ya zaɓi 'yan kaɗan, abin da hannu ɗaya zai riƙe, ya kakkarya su ya sa a jaka. Sannan ya zaɓi wasu ya ɗaure daban da igiyar kaba, ya miƙo mini. Ya ce irin gida yanzu a hannuna yake, in rataye wannan a sama, kuma kome daɗewar ruwa kada in binne shi duka. Ya sake ɗaure damin da ya kwance ya mayar inda yake.

Bai dawo zama ba. Mun riƙa ganinsa a biki da rasuwa, ya zo jana'izar Inna, ya kwana biyu ya koma. Can ya tsufa, can aka rufe shi, 'ya'yansa suka tashi suna cewa makaranta inda nawa ke cewa lakol. Gonar sama ya bar mini amana, na yi shekaru ina kai mata taki da jaki a cikin zafin bazara har ta farfaɗo, mutane suka ce Auta ya yi hankali. Ba hankali ba ne. Na kasa zama a inuwar durumin nan ne kawai.

Amma safiyar nan ita ce ba ta barina. Da ya rataya jakarsa muka fito tare har bakin zaure. Ya tsaya, ya juyo, ya yi mini abin da mai roƙon iri ke yi wa mai rumbu: ya yi addu'a Allah ya ƙara wa gonata albarka, ya sa in ga na baɗi.

Sannan ya ce, "Na gode, Auta."

Ni kuwa, da yake baki ya saba, sai na ji kaina na ce, "Ba komai."